Tambayi Likita: Wane ruwan goge fuska ya dace da fatata?

Tambayoyin wannan mako duk a kan ruwan goge fuska suke, wanda ake kira tona ko tonik, ake shafawa bayan wanke fuska kafin a sa mai.

Wata ɗaliba daga unguwar Birni: Likita, fuskata maiƙo gare ta, ga ƙuraje a goshi da haɓa. Na ga kwalabe biyu a kasuwar Dole, ɗaya tana sanyi da raɗaɗi in an shafa, ɗayar kamar ruwa zalla. Mai shago ya ce mai raɗaɗin ce ke aiki. Haka ne?

Ƴata, raɗaɗi ba shaidar aiki ba ne. Juya kwalbar ki karanta bayanta. Ana jera sinadarai ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, saboda haka biyar ɗin farko su ne ainihin abin da kika saya. Na farko kusan kullum Aqua ne, wato ruwa. In kika ga Alcohol Denat. a na biyu ko na uku, to sanyin nan alkol ne ke tashi daga fatarki. Zai kwashe maiƙo na ɗan lokaci, amma yana tafiya da kitsen da ke tsare fata, bayan ƴan makonni sai ta fara saɓa tana ja, ƙurajen su bar baƙin tabo. Wanda aka rubuta Cetyl Alcohol ko Cetearyl Alcohol daban ne, shi laushi yake sa fata.

Abin da ya dace da ke shi ne mai asid ɗin salisilik, daga rabin kashi zuwa kashi 2 cikin 100. Yana narkewa cikin maiƙo, shi ya sa yake iya shiga ramin gashi ya warware abin da ya toshe shi. Ki fara da dare uku a mako, ɗigo huɗu ko biyar a auduga, ki kauce wa gefen ido da leɓe. In mako biyu suka wuce fata ba ta yi ƙorafi ba, ki koma kowane dare. Sai an yi mako 6 zuwa 8 ake ganin bambanci, kada ki yi ta sauya kwalba. Idan akwai niyasinamid kashi 2 zuwa 5 a ciki, madalla, yana rage maiƙo da duhun tabo. Manyan ƙuraje masu ciwo a ƙarƙashin fata kuwa tona ba ya kai musu, sai ganin likita.

Wata Hajiya daga Garin Malam: Da hunturu ya shigo fuskata sai ta yi fari-fat tana ɗaurewa. An ce in sayi ruwan fure.

Hajiya, ruwan fure ruwa ne da ƙamshi, yana sanyaya fuska amma ba ya riƙe danshi, wasu kwalaben ma turare da kala ne kawai aka zuba. Ki nemi wanda gilisarin ke cikin sinadaransa na farko, ko asid ɗin hayaluronik, ko fantenol, kuma an rubuta babu alkol. Aikin waɗannan jawo ruwa ne su riƙe a saman fata. Sai dai a iskar hunturun Damagaram, in kika shafa kika bar shi haka, nan da nan danshin zai tashi, fuskar ta ƙara ɗaurewa. Ki zuba a tafin hannu, ki ɗan daddanna a fuska tun tana da lema, sannan cikin minti ɗaya ki rufe da mai, ko da man kaɗe ne gwargwadon ƙwayar gyaɗa.

Ki duba sabulunki ma. A ma'aunin tsami na pH, inda ƙaramar lamba ke nufin tsami mai yawa, fatar mutum tana wajen 5, sabulun salo da na wanki kuwa suna kai 9 zuwa 10. Sau da yawa sauya sabulu zuwa mai laushi ya fi sayen tona amfani. Na san halin ruwa a garin nan, amma kada auduga da tona su maye gurbin wanke fuska. Moɗa ɗaya ta isa a sauke ƙurar yini.

Wata amarya mai jiran biki: Ƙawata ta ba ni wani ruwa a kwalba marar rubutu. Cikin kwana goma na yi haske, amma yanzu kumatuna sun yi ja, ƙananan jijiyoyi sun fito, in na bar shi kwana biyu sai ƙaiƙayi da ƙuraje.

Ƙanwata, wannan ya tayar mini da hankali. Babu tona na gaskiya da ke sauya launi cikin kwana goma. Alamun da kika faɗa irin na maganin kotizon mai ƙarfi ne, kamar kulobetasol ko betametason, da ake ɗurawa cikin haɗin bilicin. Yana sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, in an daina kuma ta yi bore. Wasu haɗin akwai haidurokinon, wanda in aka daɗe ana shafawa yake barin baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a kumatu, mai wuyar gogewa, wasu kuma makyuri, mai illa ga ƙoda. Ki ɗauki kwalbar ki je Babban Asibitin Zinder a wannan makon, a tsara miki yadda za ki rabu da shi, don makonnin farko fuskar za ta ƙara tashi kafin ta kwanta. Kafin nan kada ki ɗora mata kowane asid, ko lemun tsami da ake ta ba amare shawara. A ma'aunin pH yana wajen 2, wato tsaminsa ya yi yawa, in ya haɗu da rana yana ƙona fata.

In fuskar ta warke tabo ya rage, sai a yi maganar tona mai asid ɗin gilaikolik kashi 5 zuwa 7, da dare kawai, sau biyu a mako. Yana sa fata saurin jin rana, don haka da safe dole man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama. Wanda ba zai iya riƙe wannan ba a ranar bazara, gara ya haƙura da shi.

Wata mai juna biyu: Wanne zan iya shafawa?

Mai gilisarin ko niyasinamid ba laifi. Ki guji duk mai retinol ko haidurokinon, da kowane haɗi marar rubutu. Sauran ki nuna wa ungozoma ranar awo.

Wani magidanci daga Sabon Gari: In na yi aski ƙuraje ke fito mini a wuya. Zan iya amfani da na maiɗakina?

Malam, ba a raba tona tsakanin maza da mata, sinadarin ake dubawa. Gashi ne ke lanƙwashewa ya koma cikin fata. In nata mai salisilik ne ko gilaikolik zai taimaka, amma ka bari sai washegarin aski, kuma wanzami ya bi yadda gashi ya kwanta, kada ya ƙwaƙule. Kafin ya taɓa fuskarka, ka shafa kaɗan a bayan kunne dare uku a jere. In wurin ya yi ja, ya kumbura ko ya yi ƙaiƙayi, ka bar mata abinta.