Likita Mai Neman Ƙwarewa Da Hutun Haihuwar Matarsa: Shin Albashin Halal Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni likita ne, ina shekara ta biyu a horon ƙwarewa a Amurka. Matata na da cikin wata bakwai, kuma na fari ne. Asibitinmu na ba da hutun mako shida da cikakken albashi, amma wani ɗan'uwa ya ce kuɗin akwai shubuha, tunda ba ni zan haihu ba, ba kuma aikin da zan yi. Ga nauyin abokan aiki da za su ɗauki kwanakina. Surukata za ta zo ta zauna da ita, shi ya sa nake tunanin makonni ukun ƙarshe in riƙa aikin kwana a wani asibiti, don ɗawainiya ta yi yawa. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya sauke ta lafiya, Ya raya abin da za a samu bisa sunna.

Ɗana, ka karɓi hutunka, albashinsa halal ne. Inshorar lafiyar da asibiti ke biya wa iyalinka ma cikin ladan aikinka take, ka shigar da jaririn kafin wa'adi ya wuce. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne jimlarka ta ƙarshe, zan dawo kanta. Amma bari in fara da maganar ɗan'uwan nan, domin ba shi kaɗai ke faɗinta ba, kuma tana jefa masu tsantseni cikin ƙunci babu dalili.

Hujjarsa ita ce lada sai da aiki. Wannan ƙa'idar ma'aikacin da ake biya bisa abin da ya gama ce, kamar tela da ɗinkinsa. Kai kuwa abin da malaman fiƙihu ke kira ajiri na musamman ne: an ɗauki lokacinka bisa yarjejeniya, kuma hutun wani yanki ne na yarjejeniyar. Tun daga watan Yulin 2022 hukumar ACGME, mai sa ido kan horon likitoci a can, ta wajabta wa cibiyoyin horo su ba da aƙalla mako shida da cikakken albashi, sau ɗaya a tsawon horo, uba da uwa duk sun shiga. Ke nan ba alfarma ba ce, ba kuma wayo ka yi wa kowa ba, Musulmi kuwa suna kan sharuɗɗansu. Malamanmu ma sun daɗe da tattauna irin wannan. Ibnu Nujaim, malamin fiƙihun Hanafiyya, ya kawo hutun makarantu na ranakun idi da watan Ramadan ƙarƙashin ƙa'idar cewa al'ada abar hukunci ce.

In ya ce ai ba kai ke naƙuda ba, to ya tuna Sayyidina Usman. A shekara ta 2 bayan Hijira bai fita Badar ba saboda jinyar matarsa Ruƙayya, 'yar Manzon Allah (SAW). Annabi ya ce masa yana da ladan wanda ya halarci Badar da rabonsa, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Bai ɗaga takobi ba, amma aka yanka masa kaso cikin ganima. Wa zai ce Usman ya ci shubuha?

Yanzu ga inda hukuncin ke juyawa. An ba ka makonnin nan ne don ka zauna da mai jego da jariri. Idan ka cike takarda da sunan kula da iyali, sannan ka saci jiki zuwa wani asibiti kana karɓar kuɗi biyu a ɓoye, wannan ha'inci ne, kuma bai halatta ba. Sai fa in dokar asibitinku ta yarda da hakan a lokacin hutu, kuma daraktan horonku ya ba ka izini a rubuce, wanda dama sharaɗi ne ga duk aikin gefe. In kuma bizar J-1 ce a hannunka, wato ta masu zuwa horo daga ƙasashen waje, aikin gefe a wani asibiti haramtacce ne a dokarta, kana iya rasa horon da zaman ƙasar saboda kuɗin kwana kaɗan. Idan da gaske mako uku ya ishe ka, ka nemi ukun, ka koma bakin aikinka.

Sai dai ban ba ka shawarar ka rage ba. Kai da ake iya sa ka aikin awa 80 a mako, yaushe rabon da matar nan ta gan ka ba a gajiye ba? Surukarka za ta yi hidima, Allah Ya saka mata, amma ba ita aka ɗaura wa aure ba. Mako shida kwana 42 ne, jinin biƙi kuma yana iya kai kwana 60 a wajen Malikiyya da Shafi'iyya. Ka fi ni sanin cewa ciwon damuwa na bayan haihuwa sau da yawa ba a makon farko yake bayyana ba, kuma mace kan ɓoye wa mahaifiyarta abin da mijin da ke kusa zai gani a idonta. Makonnin da kake son sayarwa, wataƙila su ne ta fi bukatarka.

Abokan aikinka kuwa, tsara jadawali nauyin shugabanni ne, ba laifinka ba. Haƙƙinsu a kanka shi ne ka sanar tun yanzu, ka miƙa bayanan marasa lafiyarka a kammale, ranar da ɗayansu ya shiga irin halinka kuma ka ɗauki kwanansa da sakin fuska. Ka tambayi hukumar jarrabawar fanninku ko hutun zai taɓa ranar kammala horonka. Batun ɗawainiya, yankan suna sunna ce ga mai iko, kada ka ci bashi mai ruwa dominsa.

Wallahu a'alam.