Kujerar da ta yi kama da sassaƙa: fasaha ce ko aikin kafinta?

Tambaya: Malam, na ga hotunan wasu kujeru da tebura da aka yi da hannu, sun lanƙwashe kamar ba katako ba, wasu ma sai ka rasa ta ina ake zama. An ce har gidajen adana kayan tarihi na ajiye su, kuma tsadarsu ta wuce hankali. Shin wannan fasaha ce, ko aikin kafinta ne aka yi wa kwalliya? Ta yaya kuma zan gane na ƙwarai?

Amsa: Malama, wannan gardama ta girme mu duka. Tun a 1861 William Morris da abokansa suka kafa kamfani a Ingila don farfaɗo da aikin hannu, ganin yadda kayan masana'anta suka cika gidaje. A 1919 kuma Walter Gropius ya buɗe makarantar Bauhaus a Weimar ta Jamus da burin rushe katangar da ke tsakanin mai fasaha da mai sana'a.

A al'ada aiki uku ne a hannun mutum uku. Mai zayyana ya tsara fasali, kafinta ya yanka ya haɗa, mai fasaha kuwa ba ruwansa da amfani, abin da ido da zuciya za su ji ne damuwarsa. A kayan da kika gani, mutum ɗaya ne ya rungumi ukun. Wharton Esherick na Pennsylvania a Amurka mai zanen fenti ne da farko. Ya fara sassaƙa katakon da yake kewaye zanensa da shi, sannu a hankali katakon ya janye shi gaba ɗaya. Bayansa Wendell Castle ya zo da wata dabara a shekarun 1960: ya yanka alluna, ya jera su ɗaya bisa ɗaya da gam har su zama ƙaton dunƙule, sannan ya sassaƙe da zarto mai inji da kayan sassaƙa na hannu. Da haka ake samun siffar da babu bishiyar da za ta bayar da ita a dunƙule.

Shi Castle ɗin ne a 1985 ya yi wani aiki da ke gidan adana kayan fasaha na Renwick a birnin Washington. In kin hango shi, sai ki rantse dogon agogo ne aka lulluɓe da farin mayafi aka ɗaure da igiya. Babu agogo, babu mayafi, katakon mahogani ne aka sassaƙa aka kuma ɗashe launinsa. Ni a wurina wannan sassaƙa ce zalla, kuma ban ga laifinta ba. Inda nake ja da masu yi shi ne su kira abu kujera alhali minti biyar a kanta sai bayan mutum ya ƙage.

Batun gane na ƙwarai kuwa, kada ki tsaya a fuska, ki leƙa ƙasa. Katako ko ya shekara ɗari da sarewa bai daina motsi ba: yana kumbura in iska ta yi danshi, ya tsuke in ta bushe, kuma ta faɗinsa yake wannan motsi, ta tsawonsa kusan babu. Fuskar tebur mai faɗin mita guda na iya motsa kusan santimita ɗaya tsakanin lokacin danshi da na fari. Gwani ya san haka, shi ya sa za ki ga ramin da noti ke shiga a ƙarƙashin tebur dogo ne, ba zagaye ba, don allon ya samu wurin numfashi. Wanda ya ɗaure shi kam da gam da ƙusa, tsagewa ce ke jiransa. George Nakashima, wani gwanin kafinta na Amurka, ma bai ɓoye tsaga ba. Yakan bar bakin allo yadda bishiya ta yi shi, inda ya tsage kuma ya dasa wani ɗan katako mai siffar malam-buɗe-littafi a gicciye, ya riƙe ɓangarorin biyu.

Sai ki bi layin itacen da ido, wato yadda zarensa ya miƙe, musamman a ƙafa ko hannun da ya lanƙwashe. In an yanko lanƙwasar daga miƙaƙƙen allo, za ki ga layin ya ratsa siririn wurin a karkace, kuma nan ne za ta karye. Maganin shi ne a turara katakon da tururi a tanƙwara shi, kamar yadda Michael Thonet, kafinta Bajamushe, ya yi wa kujerarsa mai lamba 14 ta 1859, ko a manna siraran yanka da yawa a kan siffar da ake so.

Daga nan ki zauna, ki daɗe. Kujerar cin abinci tudunta wajen santimita 45 ne daga ƙasa, tebur kuma wajen 75. Mai fasaha na da damar wasa da komai, amma gwiwa da ƙugu ba su san sunansa ba.

Tsada kuma wani zance ne daban. A 2009 an yi gwanjon wata kujera da Eileen Gray ta zayyana a birnin Paris aka yi gwanjon, a kan yuro miliyan 21.9, a 2015 kuma wata ta Marc Newson mai rufin alminiyom ta haura fam miliyan 2.4 a Landan. Ba kuɗin katako ko na gumi aka biya ba. Suna aka saya, da ƙarancin abin, da tarihin hannun da ya bi. Wannan bai shafi matashin kafintan da ke sassaƙa kujera ɗaya a makonni ba, nasa farashin lokacinsa ne.

In za ki saya daga hannun mai yi, ki tambaye shi yadda aka busar da katakon. In a iska ne, ƙa'idar da kafintoci ke bi ita ce shekara guda ga kowane inci ɗaya na kauri. Allon tebur mai inci uku da aka sare bara bai isa aiki ba tukuna.