Tambaya da Amsa: Albashi ya makara, banki ya yanke mini jika 31

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba. Ni malamar firamare ce a nan Damagaram, ƴar kwantaragi, kuma ta banki ake biya na. Bara na ci bashin jika 600 na tada ɗakin da damina ta kayar mana, ana cire mini jika 22 duk wata. Sai albashi ya makara wata biyu a jere, ga mahaifina kwance a asibiti, ardinas bisa ardinas. Ran da kuɗin suka shigo na je gishe, na tarar ban da biyan bashin an ƙara yanke mini jika 31. Yaron gishe ya ce: "Agiyo ne da tara, madam, inji ne ke cirewa." Har rilebe (takardar shiga da fitar kuɗi a kont) na watan da na nema sai da aka cire mini jika guda. Baba, ba ni na riƙe albashin ba. Akwai hanyar da za a maido mini kuɗin, ko in haƙura? Wallahi kunyar shiga wurin manyansu nake ji.
Wata malama, unguwar Garin Malam.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƴata. Allah ya ba mahaifinki lafiya, ya sa kaffara ce.

Shekara 26 na yi a aikin banki, rabinsu a bayan gilashin gishe. Har yau ina ganin fuskar mutumin da zai karɓi ƴar takardarsa, ya duba, ya sake dubawa, ya ninke ta ya sa aljihu, ya fita bai ce uffan ba. Da yawansu da sun buɗe baki da wani abu ya dawo musu. Saboda haka ki ajiye kunyar nan a gida. Jika 31 kuɗin ga-ruwa ne na makonni a garin nan.

Kuɗin da aka yanke miki iri biyu ne, kuma ba magana ɗaya ake yi a kansu ba.

Akwai wanda banki ba shi da ikon taɓawa tun farko. Babban bankinmu na BCEAO ya fitar da umarni a 2014, ya fara aiki ranar 1 ga Oktoba na shekarar, ya jera ayyuka 19 da kowane banki a ƙasashe takwas na UMOA, masu amfani da kuɗin sefa a Afirka ta Yamma, zai yi wa mai kont kyauta. A cikinsu akwai buɗe kont da rufe shi, zuba albashi ta banki, cire kuɗi a injin bankinki, tura kuɗi daga kont zuwa kont a banki ɗaya, da rilebe sau ɗaya a wata. Idan takardar da kika karɓa ita ce ta farko a wannan watan, jika gudan nan haƙƙinki ce, ba roƙo za ki yi ba. Idan kuwa kwafi na biyu ne ko na watannin baya, suna iya cajin ki. Akwai kuma wata takarda da mutane ƙalilan suka san da ita: jimillar duk abin da banki ya cire a kont ɗinki cikin shekara. Ita ma kyauta ce. Ki neme ta, domin sai a kanta mutum ke ganin cewa ƴan dala-dalan da yake rainawa sun taru sun zama kuɗin buhun hatsi.

A nan zan ja kunnenki kan abu ɗaya. Cire kuɗi a gishe kyauta ne, amma ban da wanda aka yi da shek na gishe, wato takardar da suke ba ki idan ba ki zo da littafin shek ɗinki ba. Malamai da yawa a nan suke asara duk wata ba su sani ba.

Iri na biyu shi ne agiyo, wato ruwan da banki ke ɗorawa idan kont ya koma bashi, da tarar jinkiri, kuma a kansa ba zan rufe ki ba. Ranar biyan bashi ta zo, kont ba kuɗi, ya shiga ja, ruwa ya fara hawa kullum. Yawanci duk wannan yana cikin yarjejeniyar da kika sa wa hannu. Shiga ƙunci shi kaɗai ba ya tilasta wa banki ya yafe. Sai dai maganar yaron gishe rabin gaskiya ce: inji ne ke cirewa, mutum ne ke maidowa. Da hannuna na sha rubuta takardar maido da agiyo bayan shugaban reshe ya sa hannu. Waɗanda aka maido wa su ne suka zo da takarda. Wanda ya tsaya ɗaga murya a layi, ruwan sanyi kawai ake ba shi.

Ki zauna da rileben watannin uku, ki ja layi ƙarƙashin kowane yanke da ranarsa. Ki nemo shaidar ranar da albashin ya shigo, ki haɗa da kwafin ardinas da rasit na asibiti. Sannan ki rubuta wa shugaban reshe wasiƙa da Faransanci, shafi ɗaya ya isa. Ki ce a maido abin da doka ta ce kyauta ne. Ki ce kina neman a yafe tara da agiyon wata biyun nan, tunda albashinki a wurinsu yake sauka, sun fi kowa sanin ranar da ya zo. Ki kuma nemi a matsar da ranar cire bashin ta zama bayan shigowar albashi, ko a tsawaita wa'adin a rage abin da ake cira duk wata. Wannan na ƙarshe ya fi muhimmanci a wurina, don shi zai hana abin ya sake faruwa, ko da yake tsawaita wa'adi yana ƙara yawan ruwan da za ki biya gaba ɗaya. Ki ce su lissafa miki a rubuce kafin ki sa hannu.

Ki yi kwafi biyu, a buga miki hatimi da kwanan wata a naki. Kada ki yarda da "ki bari za mu duba". Hukumar da ke sa ido kan bankunan UMOA, mai mazauni a Abijan, ta wajabta wa bankuna su karɓi ƙorafin abokan hulɗa su kuma ba da amsa. Idan wata guda ya wuce shiru, ki aika kwafin zuwa babban ofishin bankin a Yamai, daga nan kuma ƙofar hukumar a buɗe take.

Ki duba yarjejeniyar bashin, ki nemo inda aka rubuta TEG, wato jimillar ruwa da sauran kuɗaɗen bashi a shekara. A 2014 aka fara aiki da iyakarsa ta kashi 15 cikin 100 ga bankuna, 24 ga ƙananan asusun rance. Idan naki ya haura iyakar da ke aiki lokacin da kika ci bashin, maganar ta wuce roƙo.

Ina roƙonki, ƴata, kada ki ci wani bashi wurin masu ba da kuɗi da ruwa a unguwa don ki cike wannan ramin. Na ga malamai da suka miƙa katinsu na banki jingina, suka shekara suna aiki wani yana karɓar albashin.

TAMBAYA: Alhaji, ni ɗan kasuwa ne a Kasuwar Dole. Na bar kont ɗina shekara uku ban taɓa ba, kasuwa ta ja baya. Yanzu an kira ni wai ana bi na jika 54.

AMSA: Ɗan'uwa, barin kont ba rufe shi ba ne, kuɗin kula da shi yana ta hawa kana gida. Rufewa kyauta ce, amma abin da ya taru kafin nan sai an daidaita. Ka je da wasiƙar rufewa a wannan makon, ka nuna musu shekara uku ba shiga ba fita, ka nemi a yafe ko a rage. Abin da kuka tsaida a rubuta shi, kuma kada ka fito sai da takardar shaidar an rufe kont ɗin.