Me ya sa manyan Penn State suka ji labari suka yi gum?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji labarin wani koci a jami'ar Penn State ta Amurka da ya daɗe yana lalata da yara maza. Abin da ya ɗaure min kai, an ce shugabanni sun sani, kuma da aka kori babban kocin sai ɗalibai suka yi bore. Ta yaya gari guda zai yi haka? Daga wata uwa.

Amsa: Wa'alaikumussalam, Hajiya. Sunan mutumin Jerry Sandusky, mataimakin koci a ƙungiyar ƙwallon jami'ar, irin wadda Amurkawa ke bugawa da hular kwano. A 1977 ya kafa gidauniyar tallafa wa yara marasa galihu, The Second Mile, kuma daga cikinta yake zaɓen waɗanda zai cuta. Yakan fara da kyauta: kayan sawa, tikitin kallon wasa, yawo a mota, daga nan sai kwana a gidansa. Uwar yaron kuwa godiya take yi, a ganinta ɗanta ya samu uba.

An samu damar tsayar da shi ba sau ɗaya ba. A 1998 wata uwa ta kai ƙara, aka bincika, ba a gurfanar da shi ba. A 2000 wani mai shara ya gan shi da yaro a wurin wankan 'yan wasa, tsoron rasa aiki ya rufe masa baki. A 2001 wani ƙaramin koci, Mike McQueary, ya ga irin wannan, ya faɗa wa babban koci Joe Paterno, shi kuma ya miƙa maganar ga na sama. Ba wanda ya kira 'yan sanda. Abin da suka yi kawai, sun ce kada Sandusky ya ƙara kawo yara harabar jami'a. Wannan ya fi komai ci min rai, domin hana shi shigowa da yara na nufin sun san akwai abin tsoro.

Filin wasan jami'ar yana ɗaukar mutum sama da 100,000, ya ninka mazauna State College, garin da jami'ar take. Masu otal, masu abinci, masu shaguna, kowa da ranar wasa yake ci. Paterno kuwa tun 1966 yake riƙe da ƙungiyar, har gunkinsa aka kafa a bakin filin. Mai shara zai taɓa wannan gida?

Shi ya sa da asirin Sandusky ya tonu aka kori Paterno ranar 9 ga Nuwamba 2011, ɗalibai suka cika titi har suka kifar da motar 'yan jarida. Sai dai a yi musu adalci: kwana biyu bayan haka dubbai suka taru da kyandir domin yaran.

A Yunin 2012 kotu ta sami Sandusky da laifi 45 a kan yara 10, a Oktoba aka yanke masa ɗaurin shekara 30 zuwa 60. Hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta ci tarar jami'ar dala miliyan 60, aka cire gunkin, gidauniyar ta rufe. Shi kuwa matashin da ya fara fasa ƙwai, ɗaya daga cikin yaran da Sandusky ya cuta, tsangwamar da ya sha a makarantarsa ta sakandare, saboda wai shi ya jawo korar Paterno, ta sa dole ya bar ta yana ajin ƙarshe.