Ina Son Jif Mai Taimako Don Jan Tirelar Dawaki, Amma Ina Tsoron Dillalan Berger

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Agege, ina da dawaki biyu da nake son in riƙa kai su Arewa lokacin hawan Sallah, maimakon in ba da su a gingimari tare da shanu. Shekara uku ke nan ina tara kuɗin jif ta hannu mai giyar taimako, wato mai ja da ƙafa huɗu, wadda za ta ja tirelar, ta ɗauki mahaifiyata ba tare da ta wahalar mata da baya ba, kuma ta shiga hanyar ƙauyenmu da damina. Maƙwabcina ya sayi tasa a kasuwar motoci ta Berger, wata uku injin ya buga, abin ya tsorata ni ƙwarai. Dillali ya ce in ɗauki mai silinda takwas, wai ba abin da ba za ta ja ba. Mai walda kuma ya ce zai haɗa min tirelar, ya manna ƙugiya a bayan motar. Wace zan saya, kuma me zan duba? Daga wani mai karatu a Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Tsoronka yana kan hanya, domin kuɗin shekara uku ba abin wasa ba ne, kuma wanda ya ga abin da ya sami maƙwabcinsa dole ya shafa wa gemunsa ruwa. Zan fara da zaɓin motar a taƙaice, don akwai wata magana a ƙarshen wasiƙarka da ta fi tayar min da hankali.

Ga aikin da ka lissafa, ka tsaya kan Prado 120, wadda aka ƙera daga 2002 zuwa 2009, mai injin fetur 4.0 silinda shida, ko 'yar uwarta Lexus GX470 mai 4.7 silinda takwas. Shasinsu ɗaya, kayansu sun cika kasuwar kayan mota ta Ladipo, kuma duk garin da ka tsaya tsakanin Ilori da Kano za ka sami bakaniken da ya san cikinsu. Prado mai 2.7 silinda huɗu tana da dogon rai, amma da tirela a baya da iyali a ciki za ta yi ta nishi a kowane tudu, ka bar ta. Tayimin ɗin injin 4.0 na sarƙa ne, na GX470 kuwa bel ne, ana canza shi duk mil 90,000, wajen kilomita 145,000, don haka in ba a nuna maka shaidar canji ba ka sa kuɗinsa cikin ciniki. Hilux jaruma ce a daji, sai dai bayanta kan sifirin faranti yake, in babu kaya tsalle take yi, Hajiya ba za ta ji daɗinta ba. Wajen laushi GX470 ta fi, amma ka duba balan-balan ɗin iska na ƙafafun baya: a ajiye ta ta kwana, in da safe bayan ya zauna to suna yoyo. In kuma aka nuna maka Nissan Pathfinder ta 2005 zuwa 2010 da araha, ka sani an san su da fashewar lagireto ta ciki, ruwa ya gauraya da man giya ya kashe giyabos.

Kada ka biya ko sisi sai an hau da motar kan rami. Tokumbo da yawa, wato motocin hannu da ake shigowa da su daga waje, daga gwanjon motocin haɗari da na ambaliya na Amurka suke fitowa, wasu kuma daga jihohin da ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara, gishirin ya cinye shasin ta ciki. Ka sa a ƙwanƙwasa shasin da guduma, musamman ƙarshen baya inda ƙugiya za ta zauna. Baƙin fenti sabo fil a ƙarƙashin mota mai shekara goma sha biyar abin tuhuma ne. Ka ɗaga kafet ka sansana, ka bincika lambar shasi mai haruffa 17 a intanet. Ka sa giyar taimako ta ƙasa da makullin tsakiya, mai sa ƙafafun gaba da na baya su juya tare, a kan ƙasa mai yashi ka ga sun shiga sun fita, domin jif ɗin da ta yi rayuwarta tsakanin Ikeja da Lekki wataƙila ba a taɓa taɓa su ba, sun daskare. Takardun kwastan kuma ka tabbatar da su a ofishinsu da kanka. A Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, amma har yau ana sayar da na Kwatano da takardun bogi, kuma ranar da aka tare ka a hanya dillalin ba zai ɗaga waya ba.

Yanzu ga abin da ya dame ni. Dillalinka ya ce silinda takwas ba abin da ba za ta ja ba. Wannan magana kusan kullum sai na ji ta a gareji, kuma ta kai mutane kabari. Ja ba shi da wuya, Alhaji. A kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta ko Keke Napep za ta iya motsa tirelarka. Tambayar da ya kamata a yi ita ce, wa zai tsayar da ita?

Mu yi lissafi. Tirelar dawaki biyu ta kamfani, babu komai a ciki, tana kai wajen kilo 900 zuwa 1,000. Wadda mai walda zai haɗa da ƙarfen kwana da faranti mai kauri ta fi haka nauyi. Kowane doki ka ba shi kilo 400, ga sirdi, ga jarkokin ruwa, ga dusa da harawa. Ka doshi tan biyu. Prado 120 ita kanta wajen tan biyu ce. Wato birkin da aka ƙera don mota ɗaya ka ɗora masa biyu. Mutane suna jin an ce Prado tana jan kilo 2,500, Land Cruiser babba 3,500, sai su riƙe wannan lambar su manta da sharaɗin da ke manne da ita: tirelar ta kasance tana da birkinta. In babu birki a ƙafafun tirela, iyakar da kamfani ya rubuta kilo 750 ce, kuma wannan lambar ba ta ƙaruwa don injinka silinda takwas ne. Tirelarka tun kafin doki ya sa kofato a ciki ta wuce iyaka.

Ka tambayi mai waldar nan wane irin birki zai sa mata. Na san amsar da za ka ji: ai birkin jif ya isa. Haka suke yi, a samo tsohon aksul na motar da ta mutu, a cire kayan birkin a jefar, a ɗora keji a kai, a shafa fenti. Ba na raina sana'ar kowa, akwai masu walda a Agege da Mushin da hannunsu ya faɗa, amma mai haɗa ƙofar gida da tankin ruwa ba shi ya san nauyin da ke tura mota daga baya a gangara ba.

Ka san yadda birki ke mutuwa: ba ya sallama. Kana saukowa daga tuddan Akoko ko na Okene, ƙafarka a kan feda, faranti yana ɗaukar zafi, zafin yana shiga man birki. Man birki nau'in DOT 3 sabo yana tafasa a digiri 205, amma in ya sha danshi yana sauka har 140, kuma danshin Legas ba sai an ba ka labari ba. Yawancin motocin da ake kawo min, man da ke cikinsu tun na Amurka ne, ya yi baƙi kamar shayi. Da ya tafasa sai feda ta nutse har ƙasa, ka taka ka ji wayam, ga tan biyu na tura ka. Kuma ka tuna in gudu ya ninka biyu, aikin da birki zai yi ninki huɗu ne. Ba ma sai ka je Okene ba, gangaren gadar Otedola a bakin gari ya isa, inda cunkoso ke tsayawa kwatsam a gabanka.

Shekarun baya wani abokin cinikina ya kawo jif mai silinda takwas in duba masa kafin tafiya, da tirelar janareto a baya, babu birki, ƙugiyar kuma an manna ta da walda a ƙarfen bamba. Na ce masa kada ya tafi a haka. Ya ce direbansa ya saba. Kafin Ogbomosho wata babbar mota ta tsaya a gabansu, direba ya taka birki, tirelar ta turo bayan motar gefe, suka naɗe kamar wuƙar aljihu. Allah ya kiyaye rayuka, amma yaron da ke kujerar baya har yau yana ɗingishi. Injin motar lafiyarsa ƙalau lokacin da aka jawo ta, da murɗa makulli ɗaya ya tashi. Har yanzu in na tuna ina jin da na riƙe makullin na hana su fita.

Giyar taimako ma ana yi mata irin wannan mummunar fahimta. Tana raba ƙarfin injin ga ƙafa huɗu don ka fita daga laka, amma ba ta ƙara ko taku ɗaya na tsayawa. Kowace mota birkin ƙafa huɗu gare ta. Abin da taimako ke yi wa direba marar sani shi ne ya sa shi jin motar ta kama ƙasa, ya ƙara wuta a kan jiƙaƙƙiyar kwalta.

Saboda haka kasafinka ya haɗa da tirela mai aksul biyu da birki a ƙafafunta. Iri biyu ne. Akwai na Turai, wanda in mota ta rage gudu wuyan tirelar ke matsewa ya ja birki da kansa, ba ya buƙatar waya, kuma gyaransa ya fi sauƙi a nan. Akwai na Amurka mai lantarki, wanda sai an sa masa na'urar sarrafawa kusa da sitiyari. Kowanne ka samu, a haɗa da sarƙoƙin tsaro biyu da igiyar da ke kama birki in tirelar ta tsinke. Ƙugiya kuwa ta zama ta kamfani, wadda ake ɗaurewa da noti a ramukan da aka tanada a jikin shasi, da lambar nauyinta a rubuce. GX470 da yawa suna zuwa da ita daga Amurka. Ka lura ƙwallon ƙugiya na Amurka inci biyu ne, na Turai milimita 50, sun yi kama a ido amma ba ɗaya ba ne, kada a ce maka a ɗan danna zai shiga. Nauyin da ke sauka kan ƙwallon ya kasance wajen kashi 10 cikin 100 na nauyin tirelar ko ƙasa kaɗan. In ya yi sauƙi da yawa tirelar za ta fara kaɗa wutsiya, kuma doki kaya ne mai rai, yana gyara tsayuwa a lokacin da ya ga dama. In ta fara kaɗawa ka ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ka riƙe sitiyari a miƙe.

A motar kanta, ranar da ka saya a zubar da man birki a sa DOT 4 sabo, sannan duk shekara biyu. Takalmin birki ka saya na asali, ko da ya ninka kuɗi, domin jabu ya yi yawa a kasuwa kuma kwalinsa ya fi na gaske kyau. Ka murɗa makulli ka ga fitilar ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, ta kama sannan ta mutu. In ba ta kama ba sam, an cire ƙwan ne don a ɓoye matsala, kuma wannan aikin wasu ne da ke kiran kansu masu wayarin. Taya ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. A gangara ka sauko da giya zuwa 3 ko 2 injin ya riƙe motar. A ƙara wa giyabos ƙaramin lagireto na sanyaya mai, kuma duk wanda ya ce a cire tamostat, mai daidaita zafin injin, wai don ƙasar sanyi aka yi shi, ka ɗauke motarka daga garejinsa.

Kada takardar lafiyar mota ta ruɗe ka. Na ga motoci da takarda sabuwa a aljihun gaba alhali bututun birkinsu na yoyo, kuma a shingayen hanya takardar ake tambaya, ba wanda zai leƙa ƙarƙashin tirelarka. Alhakin yana wuyanka, Alhaji. Mahaifiyarka ce a kujerar baya, dawakin nan amana ne, ga 'yan acaɓa da masu tallan burodi a bakin titi da ba su san da zuwanka ba. Mun iya cewa ƙaddara bayan abu ya faru, alhali an umarce mu mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. In kuɗin bai kai mota da tirela mai birki a lokaci ɗaya ba, sayi motar bana, dawakin su sake bin babbar mota, tirelar ta jira baɗi.

In ka haɗa su, kafin doki ya shiga, ka loda buhunan yashi daidai nauyinsu, ka fita da sassafe ranar Lahadi inda hanya ba kowa, ka gwada tsayawa a gudun 30, sannan 50, sannan 70. Bayan nan ka sauka ka kai hannu kusa da kowace ƙafar tirelar. Wadda ka ji ta da sanyi birkinta bai kama ba, a koma a gyara.