An ce uwar mijina ce ke cin 'ya'yana: yaya zan yi tsayayya da Iblis?

Tambaya: Baba Fasto, ina gaisuwa cikin sunan Yesu. 'Ya'yana biyu sun rasu tun ba su kai shekara uku ba. Yanzu na ukun ma hannuwansa da ƙafafunsa na kumbura, idanunsa sun yi ɗorawa, kwana yake yi yana kuka. Wani annabi a gidan addu'a ya ce uwar mijina ce ta kama kurwarsu. Ya sayar mini da man shafawa, ya ce ni da yaron mu yi azumin kwana uku ba ci ba sha, in kuma daina cin abincin tsohuwar. Ya karanta mini inda aka ce mu yi tsayayya da Iblis. Tsoro ya hana ni barci. Me zan yi? Daga wata 'yar'uwa a Saminaka.

Amsa: 'Yata, Ubangiji ya ta'azantar da ke. Kafin mu buɗe Littafi Mai Tsarki, ji wannan: kada ki sa yaron nan azumi, ko na rabin yini. Ki ba shi ruwa sosai, gobe da sassafe ku kai shi asibiti a gwada jininsa, ke da maigidanki ma a gwada naku. Likita ne zai tabbatar, amma kumburin hannu da ƙafa a ƙaramin yaro, da ɗorawar ido, sanannun alamun sikila ne. Idan jinin uwa da uba duk AS ne, wato suna ɗauke da ƙwayar gadon sikila, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, wato ciwon sikila. Rashin ruwa a jiki kuwa yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon. Azumin nan zai iya kashe shi, sannan a ce ai mayya ce ta ƙarasa shi.

Ayar da ya karanta miki Yakubu 4:7 ce, kuma rabinta ya ba ki. Farkonta cewa take mu miƙa wuya ga Allah, sannan mu yi tsayayya da Iblis, zai kuwa guje mana. Koma farkon surar ki gani. Yakubu yana tambaya ne daga ina faɗa da husuma ke fitowa a tsakanin masu bi, ya amsa da cewa daga sha'awace-sha'awacen da ke yaƙi a cikinmu ne. A aya ta 11 ya hana mu kushe juna. To surar da aka rubuta don a kashe gaba tsakanin 'yan'uwa, ita wani ya ɗauka yana hura wuta tsakaninki da uwar mijinki.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan, kusan kullum sai an zo mini da shi. Mutanenmu sun ɗauka tsayayya da Iblis ita ce a gano wani mutum a nuna shi da yatsa. Kin taɓa jin annabin nan ya ga maita a jikin mai mota, ko wanda ya saya masa janareta? Kullum wahayinsa a kan tsohuwa yake sauka, ko gwauruwa, ko maraya mai fitsarin kwance, waɗanda ba su da mai tsaya musu. Na taɓa shiga wani gida na tarar an fito da kayan wata tsohuwa tsakar gida, tabarmarta da ƙullin goronta a ƙasa, matasa na cewa sai ta tsallake mara lafiya ta saki kurwarsa. Waɗannan matasa ranar Lahadi a ƙungiyar mawaƙa suke. Tsallake mara lafiya al'adar da ce, babu ta ko'ina a cikin Linjila. Sunan Yesu kawai aka liƙa mata. Bulus ya faɗa a Afisawa 6:12 cewa famarmu ba da nama da jini muke yi ba. Uwar mijinki nama da jini ce. Ita ma jikoki biyu ta binne. Dokar ƙasar nan ma ta mai da zargin mutum da maita laifi, ko da yake ba kasafai ake hukunta kowa ba, abin takaici.

Sai batun kuɗin mai. Gaskiya ne Yakubu 5:14 ta ce a shafa wa mara lafiya mai, amma dattawan ikilisiya aka ce a kira, waɗanda suka san ki kika san su, kuma ba a sa farashi ba. Siman mai sihiri na Samariya ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sami ikon Ruhu, Bitrus ya ce kuɗinsa su hallaka tare da shi. A Afisa kuma 'ya'ya bakwai na wani babban firist Bayahude suka ari sunan Yesu su fitar da aljani, ba tare da sun miƙa wuya ga mai sunan ba. Mai aljanin ya yi musu dukan kawo wuƙa, suka gudu tsirara. Labarin yana Ayyukan Manzanni 19.

Ban ce babu Iblis ba. Bitrus ya kira shi zaki mai ruri, Yesu ya kira shi uban ƙarya. Duba aikinsa a gidanki: ya hana ki barci, ya sa ki ƙyamar tuwon da tsohuwa ta tuƙa, yana neman ya raba yaro da asibiti. Nan ne za ki tsaya masa. Da aka jarabci Ubangijinmu a jeji bai nemi wani laƙani ba, sau uku yana amsawa da abin da ke rubuce. Makaman da Bulus ya lissafa su ne gaskiya, adalci, bisharar salama, bangaskiya, ceto, maganar Allah, tare da addu'a. Ba ko ɗaya da ake zubawa a kwalba.

Miƙa wuyan kuwa ya fi ihun dare wuya. Shi ne ki kai wa Allah baƙin cikin 'ya'yan nan biyu yadda yake, ki yarda ki ji sakamakon gwaji ko da ya nuna daga jininku ne ke da maigida. Wannan ba zunubin kowa ba ne. Da almajirai suka tambaya wa ya yi zunubi aka haifi mutum makaho, Yesu ya ce ba shi ba ne, ba kuma iyayensa ba.

Ki gaya wa maigidanki duk abin da annabin ya ce, kada ya ji a bakin wani. Ki sanar da fastonku da shugabar Zumuntar Mata su zo su yi addu'a a gidan, tsohuwa na zaune a ciki. Idan maganar ta riga ta kai kunnenta, ki durƙusa ki roƙe ta gafara. Gidan addu'ar nan kuma kada ki sake taka shi, ko da ya aiko cewa ya ga sabon wahayi.