Tambaya da Amsa: Jirgin Sama na Katako Marar Inji

Tambaya: Malam, na ga hoton wani ƙaramin jirgin sama na katako da aka ce ba shi da inji, kuma mutum ɗaya kawai yake ɗauka. Da gaske yana tashi, kuma su wane ne suka ƙera shi? Daga wani kafinta a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Da gaske ne, Malam. Wanda ya fi yaɗuwa a irinsa shi ne Grunau Baby, wanda Bajamushe Edmund Schneider ya ƙera a 1931 a garin Grunau, da ke cikin ƙasar Poland a yau. Yarjejeniyar da aka ƙulla a 1919 bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ta taƙaita wa Jamus harkar jiragen sama masu inji, shi ya sa matasanta suka koma ga marasa inji, har suka fara gasa a tsaunin Wasserkuppe tun 1920.

Aikinsa zai burge ka a matsayinka na kafinta. Faɗin fikafikansa ya kai kusan mita 13 da rabi, kuma kowane fiffike yana da ƙashin baya na katako guda ɗaya, wanda ake lulluɓe gabansa da siririn filawud domin kada iska ta murɗe shi, sauran kuma a ja masa yadi a shafe da fenti. Gam ne ke riƙe kusan komai, a ƙarƙashinsa kuma sandar katako ce yake sauka a kanta maimakon taya. Sauƙin ƙirar ne ya sa ƙungiyoyin matasa suka riƙa haɗa nasu, har aka ƙera dubbai a ƙasashe da yawa.

Wajen tashi, ana jan sa da igiya ko da wani jirgin, sannan a sake shi. Daga nan kullum gangarowa yake yi a hankali, yana cin kimanin mita 17 gaba a duk mita 1 da ya sauka, sai dai idan matuƙin ya sami iskar da zafin ƙasa ke turawa sama, ya yi ta kewayawa a cikinta kamar yadda shirwa ke yi bisa mayanka da azahar ba tare da kaɗa fiffike ba. Irin wannan iska ba ta ƙaranci a Sakkwato, amma a ganina bushewar hunturu da gara za su wahalar da jirgin da gam ke riƙe da shi, in ba a adana shi da kyau ba.